Ranar Da Horia Ya Riƙe Ilinka

"Na yi tunani a kan maganar yarinyar nan," in ji Tanti Veta, tana yanka tuwon masara da zare, ko kallona ba ta yi ba. "Wata bakwai babu baftisma, ai abin kunya ne ga ƙauyen nan kaf. Horia zai zama uban baftismarta."

Cokalin da ke hannuna ya suɓuce cikin miya. 'Yata Ilinka take nufi.

Horia ya ɗago kai a hankali.

"Mama..."

"Mama me? Taimako na ce a yi. Ubanta ya gudu Sifen da wata, danginsa sun juya mata baya, kai kuma kullum kana gidan kana gyaran murhun da bai lalace ba. To ga lada ta zo har gida."

Doina, 'yar ɗan'uwan Fada Nikodim limamin cocinmu, tana zaune a gefen Tanti Veta, ta sunkuyar da kai wai ita mai kunya. Ni dai na ga murmushin. Shekara biyu ke nan Tanti Veta tana kiwon yarinyar nan don ɗanta, ranar Lahadi ba ta wucewa sai ta kira ta cin abinci.

Babu wanda bai san abin da maganar take nufi ba a teburin. Namijin da ya riƙe 'yarki a gaban ruwan baftisma ya zama ɗan'uwanki har kabari, babu Fadan da zai ɗaura muku aure. Ko uwarsa ce ta riƙe, hanyar ta toshe. Tsohuwar nan ta zauna ta auna komai, ta naɗe wuƙa a cikin alheri ta miƙo mini.

Horia ya ajiye gurasarsa.

"Mama, na gaya miki tun kafin Kirsimeti. Bayan Ista zan auri Otilia. Za mu samo wa Ilinka wanda zai riƙe ta, amma ba ni ba."

"Bazawara mai goyo, mai kwana a asibiti? Wa zai dafa maka? Injin wankin ƙoda?"

Na miƙe, na ɗauki Ilinka daga kan gado, na ce na gode da abinci. Ina da baki, kowa ya sani, amma ranar na haɗiye, don uwarsa ce.

A ƙofar gida ya cimmini, ya gyara wa Ilinka hularta da manyan yatsunsa masu kaushin yumɓu.

"Kada ki sa maganarta a rai, rabin raina."

"Ba za ta bari ba, Horia."

"Sai dai ta ɗaure ni ta kai ni gaban ruwan. Ni da bakina ba zan taɓa cewa to ba."

Na yarda da shi. Har yau ban ce ƙarya ya yi ba.

Talata da sassafe wayata ta yi ƙara. Madam Zamfira ce, shugabarmu a ɗakin wankin ƙoda.

"Otilia, kin leƙa waje?"

Na leƙa. Shingen gidana ya ɓace, dusar ƙanƙara ta haɗiye shi, kuma iska na ta kwaso wata daga dutse.

"An ba da jan gargaɗi na kwana uku," ta ce. "Masu kashe gobara sun kwaso mana marasa lafiya goma sha ɗaya tun jiya, a nan za su kwana. Nas biyar gare ni, uku suna bayan gada, an rufe. Saura ke da Rodika. Motar asibiti za ta bi bayan motar share hanya ta ɗauko ki, nan da awa ɗaya. In ta juyo, hanyar ƙauyenku Runku ta rufe ke nan."

"Madam, gidan reno fa?"

"A rufe. Duk makarantu a rufe."

"Lele Anika mai riƙe mini Ilinka ta tafi wurin ɗanta a birni. Bari in zo da ita, in shimfiɗa ta a ɗakin canza kaya..."

"Mura ta cika asibitin nan, an hana ko baƙi shiga. Jaririya za ki kawo mini? Otilia, Nea Gligor rabonsa da inji tun Juma'a. Ƙafafunsa sun zama kamar turmi. Kin fi ni sanin abin da ke biyo baya."

Na sani. Mai ciwon ƙoda ba ya jira gari ya washe. Ruwa ya taru ya hau huhu, gishiri ya tsayar da zuciya, shi ke nan.

Na tsaya a tsakar ɗaki da waya a hannu ina lissafa mutanena. Uwata ta rasu. Yayata tana Italiya tana jinyar tsoffin wasu. Gidajen Runku kuwa a warwatse suke a jikin dutse, maƙwabcinka sai ka yi tafiyar rabin awa ko da rani. Gida ɗaya ne kusa da ni, na Tanti Veta, mai murhu biyu da itace har rufi.

Kai, ranar na ji haushin rayuwata.

Horia ne ya zo ya ɗauke mu, Ilinka a cikin rigarsa ta fatar tunkiya. Tanti Veta ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe dai ana bukatar tsohuwa."

"Ana bukata, Tanti. Ga madararta, cokali shida a kwalba. Ga maganin zazzaɓi, na rubuta adadi a jiki. Tana ɗan yin majina tun jiya, a riƙa ɗiga mata ruwan gishiri a hanci. Ba ta barci sai an..."

"Na raini huɗu, 'yar nan. Je ki wurin injinanki."

Ilinka ta kama gashina ta ƙi saki, sai da Horia ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya motar za ta tafi ba ni.

Injina shida muke da su, nas biyu. Kowane mutum awa huɗu a kan inji, jininsa yana waje yana zagaya a roba, ba ka isa ka juya masa baya ba. Mu gama rukuni ɗaya, mu wanke inji, mu ɗora wani. Wutar gari ta ɗauke tun azahar, janareta ya karɓa. Rodika tana cin biskit a tsaye, ni kuwa duk bayan awa ɗaya ina bakin taga ina neman layi.

"Ta ci?"

"Ta ci, ta yi gyatsa, ta yi mini fitsari a wando," in ji Horia. "Kwantar da hankalinki, zuciyata."

"Majinar fa?"

"Tana nan kaɗan. Ke kin ci wani abu?"

"Na ci."

"Ƙarya kike yi."

Nea Gligor, tsohon mai saran itace, yana kwance da allura biyu a hannu yana jin mu.

"Wannan mai murhun ne? Ki ce masa ya yi sauri, in ba haka ba ni zan shiga layi. Ƙodata ce ta mutu, ba ido ba."

"Nea Gligor, ka bari hawan jininka ya sauka tukuna, sai mu yi maganar sadaki."

Ranar Laraba wutar Runku ta ɗauke. Horia ya ce cajinsa saura kaɗan, zai riƙa kunna wayar sau biyu a yini. Ya ce Ilinka ta fara ɗan tari, jikinta da ɗumi. Na sa ya auna, na sa ya ba ta magani, na sa ya sake aunawa. Daga baya na ji muryar mace a bayansa tana wasa da 'yata.

"Wa ke nan?"

"Doina ce. Ta kawo mana kyandir daga gidan Fada."

"A cikin wannan iskar?"

"Otilia..."

"Ban ce komai ba."

Na koma na sa wa wata mata allura, sai da na soke ta sau biyu. Rigata ta jiƙe da nono ta gaba, na sa auduga na ɗaura wani mayafi a kai. Na je wurin Madam Zamfira na ce ko da awa uku ta ba ni. Ta kai ni bakin taga ta nuna mini farfajiya, motar asibiti ta nutse har madubi.

"Da me za ki je? Kuma in kin tafi, Rodika ta riƙe shida ita kaɗai?"

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa na ji kamar in shaƙe ta.

Alhamis, wajen ƙarfe goma na safe, mutum shida suna kan inji. Nea Gligor ya yi awa biyu, sai gumi ya keto masa, ya ce yana ganin duhu. Jininsa ya faɗi. Na kwantar da kan gadon, na buɗe masa ruwa, injin yana ta ihu. A lokacin ne wayata ta yi ƙara a aljihu, lambar da ban sani ba.

"Otilia, Doina ce." Muryarta a sanyaye. "Ga Tanti."

"Yarinyar nan tana tafiya," in ji Tanti Veta. "Tun asuba take haushi kamar ɗan kwikwiyo, yanzu numfashin ya ƙi shiga. Ta yi shuɗi, Otilia. Leɓenta ya yi shuɗi."

Na dafa ƙarfen gado.

"Sa wayar a bakinta. Sa mini in ji."

Na danna wayar a kunne har ta yi mini zafi. Iska, ƙarar layi, ihun inji a bayana. A can ƙasa na ji wani siririn fito, ya zo ya ɓace.

"Ƙirjinta yana lotsawa in ta ja numfashi?"

"Komai yana lotsawa."

"Tana kuka? Tana kallonku?"

"Ta yi laushi kamar tsumma, me kike so in ce miki?"

"Ba ni Horia."

Na ji ana miƙa wayar. Numfashinsa ya fara zuwa kafin muryarsa. Mutumin da ke ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa, ranar muryarsa rawa take yi.

"Otilia, ban sani ba... ban san jarirai ba. Tana jan iska kamar ana jan zarto a itace. Gaya mini abin da zan yi."

"Zaunar da ita a ƙirjinka, kada ka kwantar. Kada a ɗura mata komai. Rodika, kira masu agaji, Runku, jaririya wata bakwai."

Rodika ta kira ta wayar ofis, ta dawo da amsa. Motar sojoji mai sarƙa tana can wani kwari da mai naƙuda, sai yamma. Jirgi ba zai tashi a wannan iskar ba. Likitan yara yana ɗakin haihuwa, an aika a kira shi.

"Fada Nikodim yana nan," in ji Horia, muryarsa ta yi ƙasa. "Doina ce ta je ta ɗauko shi. Sun ɗora ruwa a wuta."

Sai na gane. Kuma gane ɗin bai amfane ni da komai ba.

Muryar Fada ta shigo, tsoho ne mai taushin magana.

"'Yata, ni ba likita ba ne. Abin da na gani ya ba ni tsoro. In kin yarda zan yi mata baftisma yanzu, amma sai wani ya riƙe ta ya amsa a madadinta."

"Doina ta riƙe."

Sai na ji Doina daga nesa.

"Ina cikin kwanakina, Otilia. Ba ni da tsarki, ba zan iya tsayawa gaban ruwan ba. Ki yi haƙuri."

"Ƙarya kike yi."

"Allah ya gani."

Horia ya karɓe wayar.

"Saurara, zan je in ɗauko maƙwabcinmu Nea Toader ya riƙe ta. Minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. Zan goyo shi in ta kama."

"Minti tamanin?" Tanti Veta ta fasa kuka a bayansa. "Ko goma ba za ta kai ba. Ku bar ta ta tafi ba suna a wurin Ubangiji, a binne ta bayan shingen maƙabarta ba addu'a, don ku biyu kuna son junanku. Ku bari, ni dai na faɗa."

"Otilia," Rodika ta kira ni, "Gligor yana suma."

Na juya. Idanun tsohon sun juye sama. Jininsa yana cikin roba, sai an mayar masa da shi yanzu, kuma hannun Rodika yana kan wata mata da allurarta ta zame, jini na tsartuwa. Ba wanda zai yi sai ni.

Ni nas ce. Na san ƙwayar cuta, na san maƙogwaro, na san ruwan ɗumi a baho ba ya buɗe huhu. Amma na taɓa ganin kaburburan nan na bayan shinge, ƙanana, ba gicciye. Kakata ta nuna mini su ina 'yar shekara shida. Kuma 'yata tana kilomita goma sha huɗu daga hannuna, ba na ganinta, ba na jinta.

"Horia."

"Ina ji."

"Riƙe ta."

"Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani."

"Otilia, na rantse miki ni da bakina ba zan..."

"Ba bakinka ba ne, nawa ne. Ni uwarta na ce ka riƙe ta. In kana sona, riƙe mini 'yata."

Ban ji amsarsa ba. Na jefa wayar a kan tire na kama robar Nea Gligor.

Minti ashirin na yi a kansa. Na mayar masa da jininsa, na ɗaga ƙafafunsa, ina kiran sunansa ina zaginsa, har ya buɗe ido ya tambaye ni ko an kawo shayi. Da na koma kan wayar, layin Runku ya mutu gaba ɗaya. Na kira sau talatin da wani abu, na daina ƙirgawa. Likita Parvu na yara ya hauro da gudu, ya yi mini tambayoyi, ya ce a fita da ita cikin iska mai sanyi a gani. Wa zan gaya wa?

Sai na wanke inji na ɗora rukuni na biyu. Me zan yi in ba haka ba? Na sa allura, na rubuta awo, na ce wa mutane sannu. Rodika ta ce in je in zauna, na ce in na zauna zan yi ihu. Duk ƙofar da aka buɗe a baranda sai na waiwaya.

Ƙarfe huɗu saura, mai gadi ya leƙo.

"Nas Otilia, wani mutum ne a ƙasa da doki."

Madam Zamfira ta karɓi gadajena. Ban san yadda na sauka bene ba.

Yana tsaye a ɗakin karɓar gaggawa, gemunsa da girarsa duk ƙanƙara, wandonsa ya daskare har gwiwa. Awa biyar ya yi yana jan doki ta hanyar masu saran itace. Ya buɗe rigar fatar, sai ga kan Ilinka, gashinta yana walƙiya da man baftisma. Ta dube ni, ta murtuke fuska, ta fasa kuka da wata dusasshiyar murya.

Kuka mai ƙarfi. Leɓenta ja wur.

Na fizge ta na rungume, ina sumbatar kanta, wuyanta, tafin ƙafarta. Likita Parvu ya karɓe ta da ƙyar, ya saurari ƙirji, ya leƙa baki. Ta yi tarin nan sau ɗaya a gabanmu, kuma tun kafin ya buɗe baki na san me zai ce.

"Kumburin maƙogwaro ne irin na yara. Yana da ban tsoro, amma wannan bai yi tsanani ba. Sanyin hanya ma ya sauke shi. Allura ɗaya, ta kwana biyu a wurinmu." Ya dafa kafaɗata yana murmushi, bawan Allah bai san me yake yi mini ba. "Da kina gida kin ji tarin nan da kunnenki, da taga kawai za ki buɗe."

Ya tafi da ita. Muka rage mu biyu a baranda, ruwa yana ɗiga daga rigarsa.

"Horia, ta yi shuɗi?"

Ya kalli ƙasa.

"Ɗakin da duhu, kyandir ɗaya... Mama ce take riƙe da ita. Da na karɓe ta a gaban ruwan na kalle ta da kyau. Ja ta yi. Don kuka."

"Kuma ka ci gaba?"

"Fada ya riga ya fara. Ya tambaye ni sau uku na amsa sau uku. Kuma ke kika ce." Ya ɗago jajayen idanunsa. "In na ajiye ta ta mutu a hanya fa? Da wane ido zan kalle ki?"

Na kai hannu zan share masa ƙanƙarar gira, kamar yadda na saba. Hannuna ya tsaya a iska. Shi ma ya gani.

A nan na zauna a ƙasan baranda na yi kukan da na riƙe kwana uku. Bai taɓa ni ba. Ya tsuguna a gefena kawai, har Rodika ta leƙo daga bene ta ce rukuni na biyu ya kusa sauka.

Bai haƙura da wuri ba, kada a ce ya haƙura. Da hanya ta buɗe ya je wurin Fada Nikodim, ya ce yaudara aka yi. Fada ya yi hawaye, ya ce ko da yaudara aka kawo ruwan, baftisma ta riga ta zauna, ba a warware ta. Ya saka rigarsa ta biki ya tafi har ofishin Bishop, ya wuni a benci, aka ba shi amsa ɗaya. Ya kwashe kayansa daga gidan uwarsa ya koma shagonsa da kwana. Doina kuwa, ko gaisuwarta ya daina amsawa. Tanti Veta ta toshe mini hanya, amma abin da ta so ba ta samu ba, kuma ba zan ɓoye ba, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Wata ranar Asabar cikin azumin Ista ya tare ni a bakin asibiti.

"Mu je ofishin magajin gari a ɗaura mana na gwamnati. Ko mu bar ƙasar. Ana neman nas a ko'ina, ana neman magina a ko'ina. Wa ya san mu a can?"

"Ni na san mu."

"Otilia, ke fa kin yi karatu."

"Na yi." Na gyara wa Ilinka bargo a kekenta don kada in kalle shi. "Ka san abin da ake cewa. In uban baftisma ya kwanta da uwar, a kan yaron abin yake sauka."

"Kin yarda da wannan?"

"Da rana ban yarda ba. Amma duk ranar da ta yi zazzaɓi, Horia, duk ranar da ta faɗi ta fasa goshi, zan dube ka in ce mu ne. Zan tsane ka, kuma ba na so in tsane ka."

"To ni in yi yaya da raina?"

"Ban sani ba, masoyina. Ban san yadda zan yi da nawa ba."

Ranar ce ta ƙarshe da na kira shi haka.

Na ci gaba da aikina. Madam Zamfira ta sa an ware ɗaki ɗaya a ƙasa, da gado huɗu da mai reno, don ranakun da aka rufe hanya. An yi taro an tafa mata. Ni ma na tafa, ina jin kamar in kifar da teburin.

Ranar Ista da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofata. Shi ne, da sabuwar riga, da jan ƙwai a kwando, da 'yan takalma farare da kyandir mai ado, abin da kowane uban baftisma yake kai wa 'yarsa. Ya rame. Da can kansa tsaye yake shigowa har kicin ya buɗe tukunya. Ranar ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

Ilinka ta rarrafo da gudu ta kama wandonsa ta miƙe tsaye. Ya ɗaga ta sama, ta kama gemunsa tana dariya.

Sannan ya dube ni, ya kira ni da sunan da uban baftisma yake kiran uwar 'yarsa, sunan girmamawa da ba a cire shi har mutuwa.

"Barka da Ista, kumatra."

Na riƙe ƙofar da hannu biyu.

"Barka kadai, kumatre. Shigo daga ciki, an dafa rago."

Ya goge takalminsa a tabarmar ƙofa, ya shigo, ya zauna a kujerar baƙi.